Wa Zai Koyar Da Yaron Da Ba Ya Gani, Ba Ya Ji?

Hausawa suna cewa gani ya kori ji. Amma makaho da ya rasa gani sai ya kama ji ya riƙe, da shi yake haddace Alƙur'ani, da shi kuma yake gane muryar ɗan'uwansa a tsakiyar kasuwa. Kurma shi ma da ya rasa ji sai ya kama gani, yana duban bakin mai magana, yana zance da hannu. To, akwai waɗansu bayin Allah da aka jarrabce su da abin nan biyu a haɗe, ba gani ba ji, waɗansu tun daga haihuwa, waɗansu tun suna goye. Maganar waɗannan yara muke so mu kawo gaban Hukuma da jama'a yau, musamman mutanen ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, waɗanda suke can kusurwar arewa maso yamma ta Jihar Jigawa, nesa da inda aka ajiye makarantun masu irin waɗannan lalurori.

Da farko ya kamata a gane cewa wannan lalura aba ce dabam, mai bukatar nata irin tanadi. Jihar Jigawa tana da makarantar kurame a Haɗeja, tana da ta makafi a Limawa cikin Dutse, Kano kuma tana da makarantar Tudun Maliki. Waɗannan duk ayyukan alheri ne, muna yaba wa waɗanda suka kafa su da malaman da suke wahala a cikinsu. Sai dai a duba yadda ake koyarwa. Malamin kurame yana tsaye gaban allo yana magana da hannu, watau darasinsa ta ido yake shiga. Malamin makafi yana faɗa yara suna maimaitawa, watau nasa ta kunne yake shiga. In aka kai yaron da ba ya gani ba ya ji wurin na farko, ba zai ga hannun ba. In aka kai shi wurin na biyu, ba zai ji muryar ba. Saboda haka yana iya shekara biyar a aji, sunansa na cikin rajista, yana cin abincin makaranta, ya fito kamar yadda ya shiga. Ƙofar da ta rage masa buɗe ita ce hannunsa da fatar jikinsa da hancinsa, kuma malamin da ya san yadda ake shiga ta wannan ƙofa sai an horar da shi musamman.

Wani zai ce ai irin waɗannan ba su da yawa. To, bari mu yi lissafi. Ƙungiyar masu wannan lalura ta duniya ta fitar da rahoto a shekarar 2018, inda ta ƙiyasta cewa cikin kowane mutum 1,000 akan sami 2 masu matsananciyar makanta haɗe da kurumta, masu sassauƙa kuwa sun kai 2 cikin 100. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna ƙananan hukumomin nan huɗu suna da mutum sama da 500,000, yau kuwa sun ƙaru ƙwarai. In muka ɗora wancan ma'auni a kan tsohuwar ƙidayar ma, za mu tashi da mutum fiye da 1,000, manya da yara. Lalle tsofaffi ne suka fi yawa a ciki, amma ko da ɗaya cikin goma ne yara, ai sun isa a tsaya a yi magana. Abin da ya sa ba a ganinsu shi ne ba su fita. Makaho yana da ɗan jagora, yana da Sarkin Makafi da zai kai wa kuka. Kurame suna da majalisarsu inda suke haɗuwa su yi hira. Shi kuwa wannan yaro yana ƙuryar ɗakin uwarsa, maƙwabta ma waɗansu ba su san da shi ba.

Me ke kawo wannan lalura? Sanin dalili yana da amfani, domin da yawa daga ciki ana iya tare su. Na ɗaya shi ne sanƙarau, wanda mutanen ƙasar nan suka sani sarai, yakan zo da bazara. A annobar 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe sama da 11,000, cikin waɗanda suka tashi kuwa akwai da dama da ya bari da kurumta, waɗansu har da lalacewar ido. Na biyu ƙyanda, wadda takan ci idon yaron da ba ya samun abinci mai gina jiki, ta kuma taɓa kunne. Na uku wata 'yar'uwar ƙyanda da likitoci ke kira rubella. Ita wannan ba ta da zafi ga wanda ta kama, ɗan zazzaɓi ne da ƙuraje na kwana biyu uku. Amma in ta kama mace cikin makonnin farko na ciki, jarirai har 9 cikin 10 suna iya zuwa da illa, watau yanar ido da kurumta da ciwon zuciya. Bayan waɗannan akwai shawarar jarirai in ta yi tsanani ba a kai asibiti ba, da haihuwar bakwaini, da waɗansu allurai masu kashe ji in an yi su ba bisa ƙa'ida ba. Akwai kuma wata ta gado da ake kira Usher, inda za a haifi yaro kurma, idonsa garau, sai ya tasa dundumi ya fara kama shi, ganinsa ya yi ta tsukewa.

A nan Gwamnati ta cancanci godiya. A 2024 Nijeriya ce ƙasar farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar sanƙarau mai maganin iri biyar, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da aka fara da su. A watan Oktoba na 2025 kuma aka soma yi wa yara daga wata 9 zuwa shekara 14 allurar ƙyanda haɗe da rubella a jihohin Arewa. Duk magidancin da ya ɓoye 'yarsa ran da masu allura suka zo, ya sani jikansa yake cuta tun ba a haife shi ba. Rigakafi ya fi magani. Amma rigakafi na waɗanda ba a haifa ba ne da waɗanda ke da lafiya. Waɗanda abin ya riga ya sama fa?

A dubi halin da suke ciki. Yaro mai lafiya yana koyon yawancin abin da ya sani ba da an zaunar da shi ba. Yana goye yana ganin uwarsa tana tuƙa tuwo, yana jin ana kiran sunan kowa a gidan, har ya iya. Wannan yaro kuwa duniyarsa iyakacinta inda hannunsa ya kai. Ana ɗaukarsa ba zato, ana dire shi ba zato, ruwan wanka ya sauko masa bai san daga ina ba. Ba shi da hanyar cewa yunwa nake ji, ko cikina ke ciwo. Saboda haka sai ka ga yana ta rausaya, yana tsokale idonsa, yana buga kansa da bango, yana cizon wanda ya taɓa shi. Sai mutane su ce taɓin hankali ne, ko iskoki, a yi ta yawon neman magani har akuyar gida ta ƙare. Uwa kuwa ga daka, ga surfe, ga murhu a tsakar gida, ga rijiya, tsoron kada ya faɗa wani abu yakan sa ta rufe shi a ɗaki ko ta ɗaure shi da zane. Ba mu ga laifinta ba, domin ba wanda ya taɓa nuna mata wata dabara. Rashin sani ya fi dare duhu. Abin da masana suka tabbatar shi ne yawancin wannan faɗa da buge-buge magana ce da ta rasa hanyar fita, in an ba yaro hanyar faɗin bukatarsa sai su ragu.

Kada a zaci sabon abu muke nema. Tun 1837 wani likita a Amurka, Samuel Howe, ya karɓi wata yarinya mai suna Laura Bridgman a makarantar makafi ta Perkins, ya koya mata karatu ta hanyar taɓa haruffa. Bayanta sai Helen Keller, wadda aka haifa a 1880, zazzaɓi ya ɗauke mata gani da ji tana da wata 19. Ta kai kusan shekara bakwai tana fashe-fashe da duka a gidansu, sannan a 1887 aka kawo mata malama, Anne Sullivan, wadda ita ma idonta ba shi da ƙarfi. Malamar ta tare a gidan, ta yi ta rubuta mata sunayen abubuwa a tafin hannu, har bayan wata guda, suna bakin famfo ruwa na zuba a hannun yarinyar, ta gane cewa motsin yatsun nan sunan ruwa ne, kuma kowane abu yana da suna. A 1904 ta sami digiri. Ranar haihuwarta, 27 ga Yuni, ita ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware a 2025 domin tunawa da masu wannan lalura kowace shekara. Ba mu ce kowane yaro zai kai inda ta kai ba, domin waɗansu suna da wata lalurar a kan wannan. Abin lura a labarin shi ne malama guda ce ta je gida, ta zauna da yarinya guda, ta daure.

Yadda ake wannan koyarwa ba ya bukatar injin da za a sayo daga Turai. Kowa a gidan ya sami alamarsa, uwa awarwaronta, uba zobensa ko gemunsa, in ya zo ya fara taɓa kafaɗar yaro a hankali, ya ba shi alamar ya shafa, don ya san wane ne. Kafin a yi masa kome a sanar da shi: in abinci ne a ɗora masa ludayi a hannu, in wanka ne soso, in fita ce takalmi, in barci ne gefen tabarma. Kullum abu ɗaya, a lokaci ɗaya, a wuri ɗaya, kada a riƙa canza wa kayan ɗaki mazauni. Ran da yaro ya lalubo ludayi da kansa ya miƙa wa uwarsa, ran nan ya yi maganarsa ta fari. Malamai kuma sun gano cewa kada a damƙe hannun yaro a tilasta masa taɓa abu, domin hannun nan shi ne idonsa, wanda aka damƙe wa hannu kamar wanda aka rufe wa ido ne. Sai dai babba ya sa nasa hannun a ƙarƙashin na yaron, ya yi aikin, yaro na bi yana ji, in ya so ya janye. Daga nan a hau zuwa alamun hannu, daga nan mai ƙwazo ya kai ga rubutun makafi mai ɗigo shida. Kuma mafi yawan waɗannan yara suna da ɗan sauran gani ko ɗan sauran ji. Yanar idon jariri ana cire ta, amma sai an yi cikin watannin farko, in an makara ido ba ya koyon gani sosai. Na'urar ƙara ji ita ma tun yaro na ƙarami take fi amfani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Muna da wata dukiya a hannu wadda ba mu cika lura da ita ba, watau maganar hannu ta kuramen ƙasar Hausa. Harshe ne cikakke, daɗaɗɗe, wanda kurame suka gada daga kurame, har wata masaniya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da su a Kano ta wallafa littafi a kansa a shekara ta 2000. Wanda ba ya gani yana iya jin wannan magana in ya ɗora hannunsa a kan na mai yi. Ke nan kurman da ya yi makaranta yana cikin waɗanda suka fi dacewa a horar su zama mataimakan malamai. Aikin irin wannan mataimaki ya wuce na ɗan jagora. Ɗan jagora yana jan sanda ne ya kai ka inda za ka, wannan kuwa jagora ne kuma tafinta, shi zai gaya wa yaro ta hannu wa ya shigo, me ake yi, me ake dariya a kai.

A wasu ƙasashe iyaye ne suka fara tada maganar. A Ingila mata biyu da rubella ta taɓa 'ya'yansu suka kafa ƙungiya a 1955, ita ce yau ake kira Sense, wadda reshenta yake aiki a Kenya da Tanzaniya da Uganda. A Amurka annobar rubella ta 1964 zuwa 1965 ta bar jarirai wajen 20,000 da illa, abin da ya tilasta wa Gwamnatinsu buɗe cibiyoyi domin su. Kenya tana da makarantar irin waɗannan yara a Kabarnet, Ghana tana da sashe nasu a makarantar kurame ta Mampong. Mu ma doka ba ta bar mu a baya ba. Yarjejeniyar duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2010, ta ambaci waɗannan yara da sunansu, ta ce a ba su ilmi ta hanyar da ta dace da su. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci an sa mata hannu a Janairun 2019. Jigawa kuwa tun 2007, zamanin Gwamna Sule Lamido, ta fara biyan naƙasassu Naira 7,000 a wata, abin da ya zama abin koyi ga sauran jihohi. Wanda ya iya wancan, wannan ba zai gagare shi ba.

Ga abin da muke roƙo, abu uku ne, kuma a bi su bi da bi.

Na farko, a nemo yaran. Tun 2001 aka wajabta wa ƙananan hukumomin Ingila su nemo masu wannan lalura su rubuta su, domin wanda ba ya cikin littafi ba ya cikin kasafi. Mu kuwa muna da abin da ya fi nasu sauri. In Mai Martaba Sarkin Kazaure ya yi umurni a ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa, Mai Martaba Sarkin Ringim ya yi a ƙasar Babura, magana za ta sauka ga hakimai, ta sauka ga dagatai da masu unguwanni, ba gidan da za a tsallake. Da ɗan gari akan ci gari. A koya wa ungozoma da ma'aikatan ɗakin shan magani alamu masu sauƙi: fari a tsakiyar ƙwayar idon jariri, rashin bin hasken tocila da ido, rashin firgita in an yi tsawa ko an buga ƙofa. Duk wanda aka samu a tura shi asibitin Kazaure ko na Babura, daga nan zuwa Kano, inda akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin ido na ECWA, kuma kuɗin mota ya zama na ƙaramar hukuma. Haka nan a riƙa auna idon 'yan makarantar kurame da kunnen 'yan makarantar makafi kowace shekara.

Na biyu, a horar da mutane kafin a yi zancen bulo da siminti. Kowace ƙaramar hukuma cikin huɗun nan ta zaɓi malamai biyu, a tabbata akwai mace, domin ita ce za ta shiga cikin gida ta zauna da uwa. Jami'ar Bayero a Kano tana da sashen ilmin masu bukata ta musamman, Jami'ar Jos tana da shi, akwai kuma kwalejin da aka keɓe domin haka a Oyo. Ma'aikatar Ilmi ta nemi su shirya kwas kan wannan fanni, a gayyato waɗanda suka yi aikin a Ghana ko Kenya. In sun dawo a ba su abin hawa da alawus na zagaye, kowane gida a je shi sau ɗaya a mako, kuma kada gobe a wayi gari an yi musu canji zuwa ofis. Yaron nan yakan ɗauki watanni kafin ya saba da hannun mutum, in an canza masa malami an mayar da shi baya.

Na uku, bayan an san yawan yaran, a keɓe ɗaki ɗaya ko biyu a wata makarantar firamare a Kazaure, da wani a Babura. Daga Gwiwa ko Roni zuwa Haɗeja tafiya ce mai nisa, wanda zai je Dutse ma sau da yawa sai ya ratsa ta Kano. Ba daidai ba ne a ɗauke ɗan shekara biyar wanda duk abin da ya sani a duniya shi ne ƙanshin jikin uwarsa a kai shi can. A bar shi kusa da gida, uwa ta riƙa zuwa tana koyo tare da shi, iyaye kuma su san juna, kowa ya gane ba shi kaɗai ba ne.

Mun san abin da masu riƙe da baitulmali za su ce: ga dubban yara masu lafiya ba su makaranta, ga azuzuwa ba rufi, yaya za a ware malami guda domin yara biyu ko uku? Maganarsu tana da nauyi, kuma gaskiya ne wannan koyarwa tana da tsada in an auna da kan yaro. Amma a auna ɗaya gefen. Yaron da ba a koya masa ci da kansa da zagawa da kansa ba, zai riƙe mutum guda a gida muddin ransa. Uwa ba ta sana'a, yayarsa an cire ta daga makaranta don ta yi tsaronsa. Wannan ma tsada ce, sai dai talaka ne yake biya a ɓoye. Albashin malamai takwas da baburansu bai kai kuɗin kwalta ta kilomita ɗaya ba. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 kuwa da ta ce kowane yaro, ba ta cire kowa ba.

Daga ƙarshe muna kira ga malamai da limamai su sa wannan magana a cikin wa'azi. Kowa ya san dalilin saukar Suratu Abasa, da darajar da aka ba Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho, wanda ya yi ladanci a Madina, aka kuma sha bar masa riƙon gari. Iyaye kuma muna roƙonsu kada kunya ta sa su ɓoye abin da Allah Ya ba su amana. In mai unguwa ya zo tambaya a faɗa masa gaskiya, tun yau kuma uwa ta fara da ludayi da soso, ba sai ta jira kowa ba. Ciyamomin Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura su zauna da Ma'aikatar Ilmi da ta Lafiya kafin a rufe kasafin baɗi, domin ran 27 ga Yuni mai zuwa a sami sunayen yara a rubuce da sunayen malaman da aka tura koyo. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yi, Ya saka wa iyayen waɗannan yara da alheri, amin.